Baƙuwar Inna: Sabo da Sabuwar Kyanwa Bayan Rashin Wadda Aka Shaƙu da Ita

Sati uku bayan mutuwar Fura, Inna ba ta daina zuba ruwa a ɗan kaskon da ke gindin randa ba. Da asuba in ta fito alwala, sai ta tsiyaya kaɗan daga buta a cikinsa kafin ta wanke hannu, kamar yadda ta saba yi shekara 11. Ruwan yakan wuni a nan, ƙurar hunturu ta rufe shi, kaji su sha rabi, iska ta busar da sauran. Ranar da na yi mata magana, sai ta dubi kaskon, ta dubi butar da ke hannunta, ta ce, "Hannun ne bai ji labari ba." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, ni ma na ja bakina na yi shiru.

Fura kyanwa ce. Launin jikinta ne ya jawo mata sunan, toka-toka mai ɗan duhu kamar furar gero kafin a dama. Ta katanga ta faɗo gidanmu na Zariya wata damina, tana 'yar mitsitsiya, babu wanda ya kawo ta. A lokacin gidan cike yake da mutane. A gabanta aka aurar da ƙannena mata biyu, a gabanta mu maza muka watse neman abinci, wani Kaduna wani Abuja, a gabanta kuma aka fita da gawar Baba. Da gida ya koma daga Inna sai jikarta guda da take riƙo, Fura ce ta ukunsu. Ita ke kwana a ƙarshen gado wajen ƙafafun Inna. Ita ke zama a gefen dadduma har a shafa addu'a. In yarinya ta tafi makaranta tsakar gida ta yi tsit, ita Inna ke ba labarin tsadar gero da ciwon gwiwa.

A bayan gidan akwai shagunan masu hatsi. Ɓeraye suka addabe su, suka zuba magani, abin da kowa ke yi. Ɓeran da ya ci magani ba a inda ya ci yake mutuwa ba. Yakan fito yana tangaɗi, gudu ya gagare shi, kuma babu farautar da ta fi wannan sauƙi ga kyanwar da ta fara manyanta. Maganin ɓera iri-iri ne. Akwai mai kashewa cikin 'yan sa'o'i, irin wanda ake kira shinkafar ɓera, akwai kuma mai hana jini daskarewa, wanda ke ɗaukar kwanaki yana zubar da jini a cikin jiki ba tare da an ga komai a waje ba. Na biyun ne ya sami Fura, bayan ta ci irin ɓerayen nan ba ɗaya ba, ba biyu ba. Kwana biyu tana kwance a bayan turmi, ba ci ba sha, dasashinta ya yi fari fat. Kyanwa dabba ce mai ɓoye ciwo, duk ranar da ka ga ta kwanta ta kasa tashi, to abin ya riga ya yi nisa. Inna ta ɗura mata manja, ta ɗura mata madara, kamar yadda ake cewa a yi wa wanda ya ci guba. Sai a rana ta uku ƙanena ya zo ya kai ta wurin likitan dabbobi. Likitan ya ce wannan gubar tana da makari, bitamin K, in an zo da wuri. Mu ba mu je da wuri ba.

Yaran unguwa suka ce a ba su su kai ta bola. Inna ta hana. Ta naɗe ta a tsohon zanenta, ta sa aka haƙa rami a gindin gwaibar da ke bayan ɗaki.

"Kyanwa ce fa"

Washegari wata maƙwabciya ta shigo ta tarar da idon Inna ya yi ja. Da ta ji dalili sai ta tafa hannu ta ce, "Haba Hajiya, kyanwa ce fa! Ni na ɗauka wani aka rasa." Ba da mugunta ta faɗa ba, mutuniyar kirki ce, kuma abin da mutum tara cikin goma za su faɗa ke nan. Amma daga ranar Inna ba ta sake ambaton Fura a gaban kowa ba.

Na daɗe ina juya wannan magana a raina. Mu ba mu da rowar jaje. In ɓarawo ya kwance wa mutum akuya, unguwa za ta zo. In saniyar makiyayi ta faɗi, ko dokin mai sarauta ya mutu, ko annoba ta shiga akurki, za a ce Allah Ya mayar da alheri. Sai dai duk waɗannan suna da farashi a kasuwa. Kyanwa kuwa a yawancin garuruwanmu kyauta ake bayar da ita, wani lokaci ma roƙon mutum ake yi ya ɗauka, shi ya sa in ta mutu ake ganin ba a yi asarar komai ba. Dukiya muka saba jajantawa. Inna kuwa abokiyar zama ta rasa, wadda ta ga shekarun da gidan yake cike, ta kuma zauna da ita a shekarun da ya zama kango. Wani masanin Amurka mai suna Kenneth Doka, wanda ya daɗe yana nazarin yadda mutane ke jimamin rashi, ya fitar da littafi a 1989 kan irin baƙin cikin da jama'a ba su ba mai shi damar nunawa ba, kuma mutuwar dabbar gida na cikin misalan da ake yawan kawowa. Irin wannan baƙin cikin ya fi jimawa a zuciya, domin babu zaman makoki, babu mai cewa ya haƙuri, mutum shi kaɗai yake haɗiyewa har da kunyar a ce ya yi wauta.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, addininmu bai koya mana wannan kunyar ba. Kowane ɗalibin Islamiyya ya san Abu Huraira, ya kuma san 'yar kyanwar da yake ɗauka ce ta jawo masa alkunyar da ta danne sunansa na yanka. Mun san labarin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin Abu Ƙatada, wanda matar ɗansa ta zuba masa ruwan alwala, kyanwa ta zo za ta sha, sai ya karkata mata ƙwaryar har ta ƙoshi. Da ya ga surukar tasa na kallonsa da mamaki, ya shaida mata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakanin mutanen gida. Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, yaro ƙarami da ke da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, yaro ya shiga damuwa, Annabi (SAW) ya lura da fuskarsa, ya kira shi da alkunya kamar babban mutum, ya tambaye shi labarin tsuntsun. Bai ce masa tsuntsu ne fa ba.

Shaƙuwar mutum da kyanwa ma ba ta yau ba ce. A 2004 masu tonon tarihi suka ba da labarin wani kabari a tsibirin Saifurus, mai kimanin shekara 9,500, inda aka binne mutum da kyanwa dab da juna. Kyanwar gida kuwa jikar kyanwar dajin nan ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, irin wadda har yau take yawo a dazukan Sahel, kuma rumbun hatsi ne ya haɗa ta da ɗan Adam: hatsi ya jawo ɓera, ɓera ya jawo ta. Marubucin tarihin nan na Girka, Hirodotas, ya rubuta cewa a tsohuwar Masar in kyanwa ta mutu a gida, mutanen gidan kan aske girarsu don alhini. A ƙarni na 13 kuma Sarki Baibars ya yi waƙafin wani lambu a Alƙahira domin ciyar da kyanwoyin da ba su da mai su.

Kwali a zaure

Ba a yi wata biyu ba ɓeraye suka gane gidan ya zama nasu. Suka huda buhun masara, suka cinye gefen tabarma, da dare ana jin gudunsu a saman silin. Wannan kuma ba ƙaramin abu ba ne, musamman da rani, lokacin da zazzaɓin Lassa ke tashi. Tun 1969 da aka fara gano cutar a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu, an san fitsari da kashin wani nau'in ɓera ne ke kai ta cikin abinci, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya na lissafa ajiye kyanwa cikin hanyoyin rage ɓera a gida. Da wannan hujja ƙanena ya shigo wata Asabar da kwalin taliya a hannu, an huhhuda shi, wani abu na motsi a ciki.

"Wa ya aike ka?" in ji Inna.

"Inna, ɓerayen nan ne. Kuma na ga kamar gidan ya yi miki shiru."

"Ni na ce maka ya yi mini shiru? Ajiye ta can sito. Ta ɓeraye ce, ba tawa ba."

Niyyarsa mai kyau ce, amma ina ganin ya yi kuskure, kuma kuskure ne da masu ƙaunar mutum suka fi yi. Wanda ya rasa dabbar da ya shaƙu da ita shi ya kamata ya ce ya shirya. Wani cikin sati guda zai nemi wata, domin shirun gidan ya fi ƙarfinsa. Wani sai ya shekara. Wani kuma ya gama ke nan har abada. Babu wanda ya fi wani gaskiya a cikinsu. In aka ɗora wa mutum sabuwa kafin zuciyarsa ta buɗe, dabbar ce ke shan wahala, domin za ta shigo gidan da ake kallonta ana ganin wadda ba ita ba.

'Yar kyanwar ba ta fi wata biyu ba. Launi uku gare ta, fari da baƙi da ja, kuma tun kafin a duba aka san mace ce, domin mai launi uku da wuya ƙwarai ta zama muzuru: ƙwayar gadon da ke ɗauke da baƙi da ja tana kan sashen halittar da mace ke da guda biyu, namiji ke da ɗaya. A bayan wani garejin makanikai aka haife ta, cikin tsofaffin tayoyi, kuma kafin ranar hannun mutum bai taɓa ɗaukarta ba. Wannan ya yi tasiri sosai. Masana halayyar dabbobi sun nuna cewa tsakanin sati biyu zuwa bakwai da haihuwa ne 'yar kyanwa ke koyon cewa mutum ba abin tsoro ba ne. Wadda aka riƙa ɗauka ana shafawa a wannan tsakanin takan tashi da son mutane. Wadda ta wuce shi ba ta ga hannu ba za ta iya sabawa, amma sai an bi ta a hankali, kuma sai an daɗe.

Ana buɗe kwalin ta yi tsalle ta shige bayan buhuna. Kwana huɗu ba wanda ya ga ta fito da kanta, sai dai da safe a tarar an taɓa abinci. A rana ta biyu yaran maƙwabta suka zo kallo, ɗaya ya zura hannu ya jawo ta ta ƙafa. Ta yi huci, ta kafta masa farce, ta koma ciki fiye da da. Inna na daga ƙofar ɗaki ta ce, "Fura ba ta taɓa yakushin kowa ba."

Wannan magana ta zama kamar amshi a gidan. Fura ba ta hawa kan kwanuka. Fura ba ta kuka da dare. Fura ta san inda ake ba-haya tun ranar farko. Ni kuwa a bayan hannuna na dama akwai ɗan siririn tabo, Fura ce ta yi mini shi a watanta na farko, ranar da na so in fito da ita daga ƙarƙashin gadon Baba. Ta fasa wa Inna tangaran ɗin aurenta guda biyu. Ta taɓa haihuwa a cikin adudun kaya. Duk wannan ya goge daga ran Inna, abin da ya rage shi ne dattijuwar kyanwa mai natsuwa wadda ta san lokacin kowace salla. Da wannan mudun take auna jaririyar da ba ta cika wata uku ba, wadda aka raba da uwarta jiya-jiya, aka sa a kwali, aka kawo gidan da ko'ina warin wata kyanwa yake yi. Ita ba ta san an yi rashi a gidan ba. Ba ta san akwai gurbin da ake jira ta cike ba. Tsoro take ji, yunwa take ji, tana neman inda za ta ɓuya.

Maganar warin nan gaskiya ce. A jikin ƙyauren ɗakin Inna, daidai tsayin kyanwa, akwai wani ɗan baƙin maiƙo da shekaru suka tara, inda Fura ke goga kumatunta duk shiga duk fita. A kumatu da haɓa da gefen bakin kyanwa akwai wuraren da ke fitar da wani ƙamshi da hancin mutum ba ya ji, da shi take yi wa gida da mutanensa alama. Ranar da sabuwar ta fara fitowa tsakar gida, wurin ta nufa. Ta daɗe tana shinshinawa, bakinta a ɗan buɗe, domin a dasashin sama tana da wata kafa ta musamman da take ɗanɗana wari da ita. Sannan ta ja da baya a hankali ta koma sito. Ta karanta cewa gidan yana da mai shi. Sai bayan sati uku na ga ta goga nata kumatun a wurin, ƙasa kaɗan da na Fura.

Wadda ta fara samun kanta

Jikar Inna ce ta buɗe hanya, yarinya 'yar shekara goma, kuma ba da wata dabara ta yi ba. Sito ne wurin da ya fi shiru a gidan, a nan take zama da yamma ta yi hadda. Takan shimfiɗa buhu ta zauna a ƙasa, ta ba buhunan masara baya, ta yi ta maimaita karatunta da murya ɗaya. Ba ta leƙawa, ba ta kira, ba ta miƙa hannu. A rana ta biyar aka ga kunnuwa biyu sun ɓullo. A ta bakwai 'yar kyanwar ta zo ta shinshini yatsun ƙafarta ta gudu. Kafin sati biyu tana barci a kan gefen hijabinta.

Duk abin da likitocin dabbobi ke ba da shawara a yi wa sabuwar kyanwa, yarinyar nan ta yi shi ba tare da ta sani ba. A bar ta a ɗaki guda ƙarami tukuna kafin a sake mata gida duka. A bar mata maɓoyarta, kada a jawo ta. Mutum ya zauna ƙasa don kada ya yi mata tsawo, kada ya zuba mata ido, domin a wurin kyanwa kallon ƙurilla barazana ce. Ita za ta zo da ƙafarta. Abin da muka ƙara kawai shi ne robar yashi a lungu, nesa da abinci, da kuma ba ta abinci a lokaci guda kullum, safe da magariba, har ta san akwai abin da ba ya canzawa a wannan sabuwar duniya.

Akwai wani abu kuma da yarinyar ta lura da shi da kanta. Ta ce in ta dubi kyanwar ta lumshe ido a hankali kamar mai jin barci, ita ma sai ta lumshe mata. A 2020 masu bincike a Jami'ar Sussex ta Ingila sun gwada wannan, suka ga kyanwoyi sun fi mayar da lumshe ido ga mutumin da ya lumshe musu, kuma sun fi yarda su matso wurin hannun baƙon da ya yi haka fiye da wanda ya tsaya da fuska a sake. Shekara guda kafin nan, a Jami'ar Jihar Oregon ta Amurka, Kristyn Vitale da abokan aikinta sun sa kyanwa da mai ita a ɗakin da ba ta sani ba na minti biyu, mai ita ya fita minti biyu, sannan ya dawo. Kusan kashi biyu cikin uku na kyanwoyin, da ganin mai su ya dawo sai hankalinsu ya kwanta, su gaishe shi, su ci gaba da zagaya ɗakin, kusan daidai da abin da ake gani a jariran mutane da iyayensu. Masu cewa kyanwa gida ta sani ba mutum ba, ban yarda da su ba tun kafin in ji wannan, domin na ga yadda Fura ke zama a zaure duk ranar da Inna ta tafi unguwa.

Inna dai tana gefe. Sunan da take kiranta da shi "waccan", in ta sassauta ta ce "baƙuwar nan". Yarinya ta so ta ɗauko kaskon Fura ta zuba mata ruwa, Inna ta ce a ajiye shi inda yake. Aka samo wani ɗan kwanon silba.

Ciwo ne ya karya wannan nisa. Don tausayi, yarinya ta riƙa ba ta madarar gari da take ragewa daga shayinta, ga ɗan tuwo da miya. Sai zawo ya kama ta, ta rame, cikinta ya kumbura. Mutane da yawa ba su san yawancin kyanwoyi ba sa iya narkar da madarar shanu bayan yaye ba, kuma tuwo ba ya riƙe su, domin kyanwa maciyar nama ce zalla, akwai sinadarin da jikinta ke buƙata wanda sai a nama da kifi take samunsa, in ta rasa shi ido da zuciya ne ke lalacewa. Albasa da tafarnuwar da ke cikin miyarmu kuma suna ɓata mata jini. Wadda ta ce kyanwar ba tata ba ce, ita ta fara lura. Ta fito da asuba ta tarar da ita a takure a bakin sito, ta sunkuya da ciwon gwiwarta, ta ɗaga mata leɓe ta duba dasashi, kamar yadda ta ga likita ya yi wa Fura. Ƙarfe shida da rabi wayata ta yi ƙara.

"Ka ce wa ƙanenka ya zo yanzu. Yau za a kai ta, ba gobe ba."

Wata baƙuwa da ta kwana a gidan ta ce a ɓantari farasitamol a jiƙa mata. Allah Ya sa ba a yi ba. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan magani, ƙwaya ɗaya na iya kashe babba balle jaririya. Zariya ta yi sa'a da likitocin dabbobi, ga asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ga na gwamnati, ga masu zaman kansu, amma da yawanmu ba ma tunanin kyanwa na cikin dabbobin da ake kaiwa can. Aka ba ta maganin tsutsar ciki, aka ce a daina madara, a riƙa dafa mata ƙananan kifi da kayan ciki ba gishiri ba yaji. Da ta cika wata uku aka yi mata rigakafin ciwon haukan kare, wanda kyanwa ma na ɗauka ta kuma sa wa mutum. Daga baya aka yi mata aikin hana haihuwa. Inna ta yi jinkiri a kan wannan, amma da ta tuna yawan 'ya'yan Fura da aka rasa mai karɓa, ta amince. Kyanwa na iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida, cikin kwana 63 zuwa 65 ne, tana kuma iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Kowa ya san inda yawancin 'ya'yan nan ke ƙarewa: a ɗaure cikin buhu a bakin kwata. Wannan ɗabi'a tamu abin kunya ce, ta fi kukan tsohuwa a kan kyanwarta zama abin kunya nesa ba kusa ba.

Kwana biyar na jinya a ɗakin Inna aka yi su, a cikin kwali kusa da gado, wai don sito ya yi sanyi. Da ta warke ba wanda ya sake maganar mayar da ita.

Nauyi a ƙafa

Bayan kamar wata guda, muna waya da dare, Inna ta yi shiru na ɗan lokaci sannan ta ce, "Jiya ta hau gadon."

Na ce, "To, Inna, ai alheri ne."

"Cikin barci na ji nauyi a ƙafata. Wallahi na ɗauka ita ce. Da na farka na ga ba ita ba ce, na ɗaga ƙafa zan ture ta, sai na ji tana wannan gurnanin nasu na jin daɗi. Na kasa. Na kwana ina jin kamar na ci amana."

Wannan shi ne wurin da ya fi wuya, kuma ba a cika faɗarsa ba. Mutum kan ji tsoron kada sabuwar ta ƙi sabawa da shi. Amma ranar da ta saba, sai wani abu ya taso: in na so wannan, ke nan na manta waccan? Ga kuma "da na sani" da ke biyo wanda dabbarsa ta mutu ta hanyar da za a iya kaucewa. Inna ta sha cewa da ta kira mu tun ranar farko, da ba ta tsaya ɗura manja ba. Ban ce mata ta daina tunani ba, domin na san ba a hana zuciya da baki. Na dai tuna mata cewa idon da ya gano ciwon wannan tun da asuba, ya hana a kwana, Fura ce ta buɗe shi. Ta ce, "Haka ne kuma." Muka koma maganar kuɗin makarantar yarinya.

Abin da ya taimaki Inna a ƙarshe, a ganina, shi ne yadda sabuwar ta ƙi yin kama da tsohuwar ta kowace fuska. Da ƙanena ya samo mai launin toka, kamar yadda ya so da farko, da kullum sai an ga Fura a jikinta an kuma ga inda ta gaza. Wannan kuwa halinta daban. Fura shiru-shiru ce, wannan bakinta ba ya rufuwa, tana bin Inna madafi tana ba ta amsa. Manyan kyanwoyi ba su cika yi wa junansu irin wannan kukan ba, mutum suke yi wa, kuma kowace da irin muryar da take gano tana aiki a kan mai ita. Fura na zama gefen dadduma, wannan jelar carbi take farauta, sai da Inna ta koma rataye shi a ƙusa. Fura na tsoron ruwa, wannan in ana wanki tana bakin baho tana taɓa kumfa. Barcinta na rana a cikin faifai take yi. Sannu a hankali "Fura ba ta yin haka" ya koma "kun ga abin da ta yi yau?" Har Inna ta fara ba yarinya labarin tangaran biyun da Fura ta fasa, abin da ta shekara goma ba ta tuna ba, tana faɗa tana dariya tana share ido da bakin mayafi.

Ta kuma ɗauki mataki a kan abin da ya kashe ta farko. Ta aika wa masu shagunan hatsi, ba da faɗa ba, ta roƙe su duk ranar da za su zuba magani su turo yaro ya faɗa mata, su kuma riƙa kwashe matattun ɓeraye suna binnewa. Biyu daga cikinsu sun koma tarko. Da magariba kuma takan rufe kyanwar a ɗaki, sai gari ya waye.

Sunan kuwa ba wanda ya zauna ya raɗa. Yarinya ta kawo sunaye har uku, ba wanda ya kama. "Baƙuwar nan" ce ta gajarce ta zama Baƙuwa. A 2019 wata mai bincike a Japan, Atsuko Saito, ta nuna cewa kyanwa na bambance sunanta daga wasu kalmomi masu tsawo da sauti irin nasa, ko da baƙuwar murya ce ta faɗa, sai dai sau da yawa amsarta ba ta wuce motsa kunne ko juya kai. Tamu in ni na kira, kunnen kawai take motsawa. In Inna ce, daga kan katanga take dirowa.

Zuwana na ƙarshe hunturu ya sake zagayowa. Na fito da asuba na tarar da Inna a kan kujerarta 'yar tsugunne, fitilar waya a jingine da randa. Kaskon Fura ba ya wurin, na gan shi daga baya a kife a gindin gwaiba, an ɗora masa dutse don kada kaji su ture. Inna ta tsiyaya ruwa a kwanon silba ta ce, "Baƙuwa, zo ki sha." Ta fito daga ɗaki tana miƙa, ta wuce kwanon ko kallonsa ba ta yi ba, ta zo ta sa dagi a kan gwiwar Inna tana kallon buta.

"Kin ga halin naki ko," in ji Inna. "Ita ba ta shan na kwano. Sai mai zuba."

Ta karkata butar, ruwa ya zubo siriri, Baƙuwa ta sa harshe tana lasa, yana fallatsa mata a gashin baki. Inna ta riƙe butar a haka har ta ƙoshi ta girgiza kai, sannan ta yi bisimilla ta fara wanke hannu. Daga masallacin unguwa aka ta da iƙama, na sa takalmi na fita.